Ranar da Majo Ya Ɗaure Galasiya a Baya

Bakina ne ya fara jawo mini, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Tun ina lakwal, makarantar boko, a Magariya aka san ni da maida magana. Ko malamai sai sun shirya kafin su tsokane ni. Da na gama karatun jinya a Damagaram aka ɗauke ni aiki na kwantiragi, aka tura ni wata 'yar likita ta ƙauye, wato ƙaramin asibiti, a ƙasar Dungas, can wajen iyaka, tafiyar awa ɗaya da rabi a kan moto, wato babur, in yashi bai yi gardama ba. Ɗaki huɗu ne da baranda, sai ɗan ɗakin kwana a baya inda nake zama daga Litinin zuwa Juma'a.

Ranar da na isa, shugaban wurin, wanda kowa ke kira Majo, yana zaune a baranda yana ɓarar gyaɗa, mata kusan ashirin suna jiran awo. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, mai faɗin kafaɗa da yawan fara'a. Ya karanta takardata, ya tambaye ni 'yar ina ce. Na ce iyayena Fulanin wajen Sassumbrum ne, noma da kiwo. Sai ya buga tebur.

“Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kawo mini baiwata har gida. Maza ɗauko tsintsiya.”

Na dubi fuskarsa da kyau, sai na ga tsagen Barebari a kumatunsa. Ban tsaya tunani ba na ce, “Ashe Babarbare ne! Wa ya yi kuskuren ba bawa kujera? Tashi uwargijiyarka ta zauna.”

Matan nan suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Shi kuma ya miƙe da gaske ya ba ni kujerar, yana cewa an kawo masa bala'i. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina na faɗo hannu mai kyau, na sami uba a wurin aiki.

Wasan Fulani da Barebari a cikinsa na tashi. Kakana yana da wani Babarbare mai sayar da kanwa, kowace ranar kasuwa sai sun zagi juna tas a tsakiyar jama'a, wannan ya ce ɓarawon shanu, wancan ya ce bawan da aka saya da ƙwaryar nono, sannan su zauna su sha fura a ƙwarya ɗaya. Ƙa'idarsa guda ce, ba a fushi. Wanda ya ɓata rai shi ake yi wa dariya, a ce ba a koya masa zama da mutane ba. Da na maida wa Majo magana ran nan a gaban kowa, na sa hannu ke nan a kan wannan ƙa'ida ban sani ba.

Akwai kuma wata ƙa'idar da na baro a gida. Maigidana tela ne, shagonsa na bakin tasha a Dungas. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya faɗin abu sau biyu. Yayansa ya so ya hana ni aikin, ya ce matar aure ba ta kwana a wani gari. Maigidana ya tsaya mini, amma ya kira ni ya ce, “Na yarda ki yi aikinki. Ranar da wata magana ta iso kunnena a kanki, ko gaskiya ko ƙarya, kin dawo gida ke nan.” Na ce na ji, da zuciya ɗaya, don ban ga ta inda magana za ta fito ba. Aikin nan kuwa ina son sa ƙwarai. Shekara uku na yi ina karatunsa, kuma ba abin da ke faranta mini rai kamar in samo jijiya a hannun jaririn da zawo ya tsotse, in ga ruwa ya fara sauka.

Wata na farko lafiya lau. Daga nan “baiwata” ta fara komawa “matata”. A baranda yake faɗa, marasa lafiya na dariya, ni ma ina maida masa. Sai ya zama in zan karɓi kaye, wato littafin rubutu, daga hannunsa, ya riƙe yatsuna ya ƙi saki sai na fizge. Sai jan gefen hijabi in na wuce. Ɗakin magani ƙarami ne, ƙofarsa ɗaya. In na shiga ɗauko wani abu sai in juyo in same shi tsaye a bakin ƙofar, ya cika ta, ya bar mini ɗan wurin da ba zan wuce ba sai na goge shi. A can ciki ba ya dariya, muryarsa ma sauyawa take yi. Ni kuwa abin da na iya shi nake yi, in jefa masa baƙar magana cikin wasa, in samu in fita. Kowace maganar da na maida, shi a wurinsa ƙarin izini ce, na gane haka amma ban san wata hanyar ba.

Kowace Talata muna fita ƙauyuka allurar rigakafi. Moto ɗaya gare mu, Majo ke tuƙi, ni a baya. Allurar a cikin akwatin sanyi take, wanda muke ce wa galasiya, kuma a tsakiya ake ajiye shi, tsakanin mai tuƙi da macen da ke baya. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma duk ƙasar haka ake yi, kuma saboda shi ne maza da yawa ke barin matansu su hau moton aiki. Kowa ya gan ku a hanya ya ga akwati a tsakaninku.

Wata Talata da kaka, an gama yankan gero, na fito na tarar ya ɗaure galasiyar a can baya da robar taya, ya ɗaure ta tamau. 

Na ce, “Majo, ba nan ne wurinta ba.”

Ya ce, “Yashi ya yi yawa yau, nan ta fi zama. Hau mu tafi, rana na yi.”

Mutane na baranda suna kallo. In na tsaya gardama, sai an tambayi dalili. Na cusa 'yar jakata a tsakani na hau, na riƙe ƙarfen baya da hannu biyu har yatsuna suka yi tsami. Duk inda ya ga ɗan rami sai ya taka birki da ƙarfi. Da muka yi nisa, inda ba gida ba mutum sai karan gero a tsaye, ya tsaya ƙarƙashin wani gawo ya kashe moto, wai inji ya yi zafi. Na sauka na ja gefe. Ya biyo ni ya ce ni ba yarinya ba ce, na san abin da yake so, kuma mijina yana can yana taka keke ba zai taɓa sani ba. Ya ce kwantiragina ƙarshen shekara zai ƙare, kuma shi ke rubuta wa manya ko ina da amfani ko ba ni da shi. Sai ya kama wuyan hannuna.

Ban san inda na sami ƙarfi ba. Na fizge, na nufi moton, na kwance robar nan, na ɗora galasiya a kai na kama hanya da ƙafa. Abin mamaki, a lokacin ba ta kaina nake yi ba, ta allurar nake. Rana ta ɗaga, yara na jira a gaba, in ƙanƙarar ta narke an yi asarar duka kuma ni za a tambaya. Ya tada moto ya bi ni a hankali yana cewa in bar shirme in hau. Ban waiwaya ba. Da ya gaji ya wuce ya bar ni da ƙura.

Na isa ƙauyen bayan kusan awa guda, gumi ya jiƙa ni har zani. Na tarar da shi zaune a tabarma a ƙofar maigari, an kawo masa fura. Yana hango ni ya ɗaga murya.

“Ga ta nan! Na ce ta hau moto ta ce a'a, ƙafa ta saba. Bafillatana ai bin shanu ne gadonta.”

Dattawa suka yi dariya, matan da ke jira da goyo suka yi dariya. Ni ma na yi dariya. Wannan dariyar ita ce ta fi ci mini rai a cikin duk abin da ya faru, fiye da riƙon hannun. Na yi wa yara allura har azahar, na dawo a amalanken wani mai gyaɗa, na ce masa moto na sa ni jiri.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba.  A wurin aiki kunnena na kan takun takalminsa. In na ji ya nufo inda nake sai allura ta nemi kuɓuce mini. Ranar Juma'a in na koma gida kuma wani tsoron ne, kada maigidana ya karanta wani abu a fuskata. 'Yan kabu-kabu duk a gaban shagonsa suke tsayawa, su ke kai mutane ƙauyuka su dawo da labari. Duk wanda na ga ya sunkuya yana yi masa magana sai in ce shi ke nan, an gaya masa an gan ni ina tafiya a ƙasa da akwati a kai. Majo ya fara kiran talhona, wato wayar hannu, ranar Asabar, sai na riƙa kashe shi in cusa ƙarƙashin kaya. Maigidana ya tambaye ni sau ɗaya ko talhon ya lalace ne, na ce batir ne.

Mutum ɗaya na iya gaya wa. Akwai wata tsohuwar ungozoma a likitar, muna ce mata Inna, tana wurin tun kafin a yi wa ginin rufin kwano. Na same ta a bayan ɗakin haihuwa tana wanke ƙyallaye, na tsuguna na gaya mata rabi, don rabin ya ƙi fitowa. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, “Ɗiyata, abokin wasanki ne fa. Kowa ya ji ku ran farko. In kika ɗaga magana, ke za a yi wa dariya.”

Na tashi, na ji haushinta sosai. Amma washegari na ga ta ɗauko faifai da ƙwaryar wake ta zauna a bakin ɗakin magani tana tsinta. Jibi ma haka. Duk lokacin da na shiga ɗakin, Inna na nan da wakenta, Majo ya zo ya tsaya ya yi ta zolayarta ko za ta tashi, ita kuwa ko gezau. Ba ta taɓa ce mini don ni take yi ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai Inna ba ta hawa moto, kuma Talata ba ta fasa zuwa. Talata biyu na yi ƙaryar ciwon kai, aka fita da mai gadi ya riƙe akwati. A ta uku Majo ya ce mini a hankali, yana duba wata takarda, ma'aikaciyar da ba ta fita ƙauye ba ya ganin dalilin da za a sabunta mata kwantiragi. Na hau. Na rungume galasiyar a cinyata tun kafin ya fito, na ƙi sakinta har muka je muka dawo.

Ana cikin haka aka kira mu Dungas furmasiyo, wato horo na kwana biyu, mu ma'aikatan ƙauyuka, kuma a kan wannan magana ce ta takura wa mata a wurin aiki. Wata likita ce daga biron manyanmu, wato ofishinsu, ta yi bayanin, mace mai sanyin murya da tabarau. Ta fara da Faransanci, ta ga mun yi tsuru-tsuru, ta koma Hausa. Ta ce wadda abin ya sama ta riƙa rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ta gaya wa wani da ta yarda da shi, kuma ƙofar biron ta a buɗe take. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin irin haka a wurin aikinsa. Ba wanda ya ɗaga hannu, ni na ƙura wa bik ɗina na rubutu ido. Majo na layin gaba yana gyaɗa kai kamar limami.

Wani daga baya ya ce, yana 'yar dariya, “To Madam, in wasa ne fa? Mu nan muna da abokan wasa.”

Ta cire tabarau ta ce, “Ni ma ina da su. Wasan nan, in mijinta na tsaye a wurin, ko matarka, za ka yi shi? In za ka yi, wasa ne. In sai ka duba ba kowa tukuna, kai ma ka san sunansa.”

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Kakana a tsakiyar kasuwa yake zagin mai kanwa, bai taɓa jan shi bayan rumfa ba. Na Majo kuwa iri biyu ne, akwai na baranda, akwai na ƙarƙashin gawo, kuma na farkon shi ke rufe na biyun. Aka raba wa kowace likita ta ƙauye takardar mannawa a bango da ɗan akwatin katako na saka ƙorafi. Namu Majo ya kafa shi da kansa a jikin ƙofar biron sa, ya jefa makullin a aljihu. Ni dai na sami wani tsohon kaye na fara rubutu daga bangon baya, tun daga ranar gawo, duk abin da na iya tunawa. Rubutun bai rage mini tsoro ba, ya ma ƙara, don yanzu ina da abin da za a iya gani. A cikin buhun garin da nake tuwo da shi nake ɓoye shi, a naɗe cikin leda.

Bayan wata biyu aka turo mana sabuwar ma'aikaciya, Bahausa daga wajen Mallawa, ba ta daɗe da gama karatu ba. Na ce a raina ita kam ta tsira, ba wasa tsakaninta da shi. Kwana biyu kawai ya ɗauka. Ya gano wai sunanta sunan kakarsa ne, sai ga shi a baranda yana cewa, “Kakata, matata ta fari, yau me kika dafa mini?” Ta rufe baki tana dariya ta ce tsoho irinsa ya yi mata kaɗan. Mata suka yi shewa. Na ɗaga kai, muka haɗa ido da Inna.

Ranar Juma'a da azahar ya sanar cewa Talata mai zuwa da sabuwar zai fita, tunda baiwarsa ta zama raguwa. Ina haɗa kayana na tafiya gida Inna ta shigo ɗakina ta zauna bakin katifa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, “Wadda ta riga ki, Bahausa ce ita ma. Sai da ya tono wai kakarta ta wajen uwa Bafillatana ce. Wata bakwai ta yi ta tafi, ta ce ruwan garin ne bai karɓe ta ba. Kowa ta zo sai ya nemo mata wasa.” Ta murza gefen zaninta. “Da na ce miki wasa ne, abin da na daɗe ina gaya wa kaina ne. In za ki je wurin matar nan mai tabarau, ni zan raka ki. Na gani da idona.”

Na zaro kayen daga buhun gari na sa a jakata. A kan hanya duk lissafi ɗaya nake. Biron manyanmu a Dungas yake, kuma ba a zuwa can daga gidanmu sai an bi ta bakin tasha. Mai gadin biron ma maigidana ke yi masa ɗinki. Ba yadda za a yi in shiga in fito bai ji ba kafin la'asar. In kuwa zai ji, gara ya ji daga bakina. Kuma in ya ji daga bakina, magana ta iso kunnensa ke nan, na san abin da ya ce. Asabar ta wuce ina buɗe baki ina rufewa. Na zuba gishiri sau biyu a miya.

Ranar Lahadi bayan la'asar yana zaune a tabarma a tsakar gida yana sa wa wata riga maɓallai. Na zauna nesa kaɗan na ce, “Malam, ina da magana.” Na faɗa masa duka, ban rage ba, har gawo, har riƙon hannu. Allurar da ke hannunsa ta tsaya. Sannan ya tambaye ni abin da ban zata ba.

“Da ya faɗi maganar shanun a gaban mutane, ke me kika yi?”

Na ce, “Na yi dariya.”

Ya dube ni, ya maida ido kan rigar. “Kin tuna abin da na ce miki?”

“Na tuna.”

“Gobe zan aika a kwaso kayanki. Ba biro, ba kowa. Ki bar musu aikinsu, Allah ya isa.”

Da na yi shiru, da a nan zancen ya ƙare. Amma bakin nan nawa bai mutu ba. Na ce masa jibi akwai wata 'yar mutane da za ta hau moton nan, ba ta san komai ba, tana can tana dariya kamar yadda na yi. Na ce, “Shi ya kama hannuna, ni ce zan rasa aikina, kuma ba shi ne ma zai kore ni ba, kai ne.” Ina faɗa na so in maida ta ciki. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba tunda aka kawo ni gidansa. Ya soke allurar a jikin rigar, ya ninke ta, ya tashi ya yi alwala ya fita masallaci, alhali ko kiran magariba ba a yi ba. Bai sake ce mini uffan ba a ranar.

Da safe ya sha kunu ya tafi shago. Bai ce in je ba, bai sake cewa kada in je ba, kuma ban ji ya kira wanda zai kwaso kayan ba. Na sa hijabi na zauna a bakin gado da kayen a cinyata, gari-gari a jikinsa. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Na tashi na zauna ya fi sau biyar. Wajen ƙarfe tara na ji moto ya tsaya a ƙofar gida, sai ga Inna ta shigo tana ɗingishi, ta yi fari fat da ƙura, tana tsine wa ɗan kabu-kabun da ya kusa karya mata ƙugu. Matar da ba ta hawa moto.

Ta ce, “Tashi mu je kafin ƙafafuna su tuna ba su so.”

Muka bi ta bakin tasha. Tun daga nesa nake jin ƙarar kekensa. Na yi niyyar in sunkuyar da kai in wuce, sai na ga hakan ya fi muni. Na tsaya a bakin shagon, a gaban 'yan kabu-kabu, na ce, “Malam, za mu biro ni da Inna.” Keken ya tsaya. Ya gaida Inna da ladabi, ya tambaye ta hanya. Ni bai dube ni ba. Muka wuce, kuma har muka sha kwana ban ji keken ya sake tashi ba.

A biro, likitar nan mai tabarau ta rufe ƙofa ta karanta kayen shafi-shafi, tana kakkaɓe gari. Ta yi mini tambayoyi kusan awa biyu, wasu sai da na rufe fuska kafin in amsa. Ba ta tambaye ni me ya sa na yi dariya ba. Inna ta faɗi nata, na wurin ɗakin magani da na wadda ta tafi, aka rubuta, ta dangwala yatsa. A gabanmu likitar ta ɗauki talho ta ce an ɗage fitar gobe, kuma daga yanzu biro ne zai faɗi wanda zai fita da wa. Ta gaya mini gaskiya cewa abin zai ɗauki lokaci, kuma kafin nan a wuri ɗaya zan ci gaba da aiki da shi. Haka kuwa aka yi. Sai da aka shafe watanni ana kiran mutane ɗaya-ɗaya kafin a ɗauke shi daga wurin, kuma har yau akwai masu ce mini Bafillatanar da ba ta san wasa ba. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba. Da ta tambaye ni ko zan iya komawa aiki gobe, na ce mata ban sani ba, amsar tana gida.

Bai dawo cin abincin rana ba. Na sa Inna a motar kasuwa, na dawo na share tsakar gida sau biyu. Duk moton da ya wuce sai in leƙa in ga ko katifata ce da akwatina aka kwaso daga ƙauye. Bayan la'asar ya yi sallama ya shigo, na duba bayansa, ba kowa, ba kaya. Na kawo masa abinci na koma gefe na zauna. Ya wanke hannu ya ci a hankali, kamar kullum, ni kuwa ina ƙirga lomarsa. Bai tambaye ni abin da aka yi a biro ba. Da ya gama ya sha ruwa, ya ajiye moɗa, yana kallon ƙasa.

Ya ce, “Gobe ƙarfe nawa kike fara aiki?”

Na ce, “Takwas.”

“To ki shirya da wuri. Ba zan buɗe shago ba, ni zan kai ki. Ina so ya gan ni.”

Na ce to. Na kwashe kwanukan, ban san ko murna nake ko tsoron goben ba, na je na hura gawayi na goge farar rigar aikina.